Kwanakina na farko da keken kaɗin ulu

Keken ya yi kwana tara a ɗakina kafin na samu ko kamu ɗaya na abin da za a kira zare. Na hannu na saya, a wurin wata dattijuwa da ta shekara da shekaru tana kaɗi, ta koma wani ƙarami mai feda biyu saboda gwiwarta. Nawa mai feda ɗaya ne, wili a gefe guda, wurin kaɗin a ɗaya gefen. Na daɗe ina saƙa da ulun da ake sayarwa a dunƙule, abin da ya ja ni ga kaɗi kuwa shi ne son in san abin da ke faruwa tun daga bayan tunkiya har zuwa kan kwarashina.

Ranar da na je ɗauka ta ce da ni, "'Yata, kada ki taɓa gashi tukuna. Ki yi kwana uku kina taka feda kawai." Na amsa da to Mama, amma ban bi ba. Daren ranar na ɗauko gashi na zauna. Wilin ya yi gaba, ya tsaya, ya komo baya, zaren ya fice daga ƙugiyoyi ya naɗe a jikin ƙarfe. Da na taka da ƙarfi don kada ya sake komowa, sai keken ya fizge gashin daga hannuna ya shige da shi ciki, na bi da ɗan ƙarfen zaro zare ina neman bakinsa. Haka na yi ta yi har dare ya raba.

Sai da na ajiye gashi na zauna ina kallon keken yana juyawa babu komai a kansa na gane yadda yake aiki. Feda na juya wili. Igiya ta taso daga wili ta zagaya wani katako mai hannu biyu kamar harafin U, wanda nake kira fiffike, da ƙugiyoyi a jere a jikinsa. A tsakiyar fiffiken kwarkwaro yake, inda zare ke taruwa. Akwai kuma wata siririyar igiya da ta hau kan kwarkwaron, an ɗaure ta da ɗan sifirin, ita ce birki. Idan kika riƙe zare, fiffike da kwarkwaro suna juyawa tare, murɗi na shiga zaren. Idan kika sassauta, birki ya ɗan rage gudun kwarkwaro, fiffike ya wuce shi, zare ya naɗu. Shi ke nan aikin keke: ya murɗa, ya naɗe. Kaurin zare da santsinsa da ƙarfinsa duk a hannu suke. Wannan dabara ta fiffike tsohuwa ce, akwai zanenta a wani littafin Jamus na wajen 1480. A keken da ya gabace ta sai mai kaɗi ta murɗa, ta tsaya, ta naɗe, sannan ta ci gaba.

Da na gane haka na ga kurakurai biyu da suke gabana tun daren farko. Birkin a ɗaure yake tamau, shi ya sa keken ke ƙwace mini gashi. Na sassauta shi gaba ɗaya har ya daina jan zare, sannan na riƙa ƙara masa kaɗan kaɗan har na ji ja mai laushi a yatsuna. Murɗa ɗan katakon birkin da bai kai faɗin farce ba yana canza komai. Na biyu, igiyar wili tana kan ƙaramin gurbi, cikin guraben da igiyar ke zama a jikin fiffike. A ƙaramin gurbi fiffike na juyawa fiye da sau goma sha biyu duk zagaye ɗaya na wili, a babban gurbi kuwa kamar sau shida. Mai koyo babban gurbi take bukata, don hannunta bai yi saurin da zai bi wancan murɗin ba.

Daga nan na yi abin da aka ce in yi tun farko. Kwana uku ina taka feda babu gashi, ina koyon tafiya a hankali iyakar yadda wili zai juya bai tsaya ba, da tsayar da shi a inda taku ɗaya zai sake tayar da shi ta hanyar da nake so. Sai na ɗaura tsohon ulun saƙa ina bari keke na ja, don hannuna ya san lokacin riƙewa da lokacin saki.

Zaɓin gashi ma na yi kuskure a kansa. Gashin tunkiyar da ake kira Merino na saya don shi ne mafi laushi a hannu. Ana auna kaurin silin gashi da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, Merino kuwa yawanci bai wuce 24 ba, ga shi gajere, ga santsi. Yana zamewa daga yatsu kafin murɗi ya kama shi, kuma yana bukatar murɗi mai yawa kafin ya riƙe kansa. Dattijuwar ta ba ni dunƙulen Corriedale, tunkiyar da aka samar a New Zealand ta hanyar haɗa Merino da tumaki masu dogon gashi irin su Lincoln. Silinsa ya fi kauri, kusan maikiron 25 zuwa 31, ya fi tsawo, yana da lanƙwasa da ke sa silin ya riƙe ɗan'uwansa. Da na fara ja na ji bambancin nan take. Duk wanda ya tambaye ni yau, irin wannan matsakaicin gashin nake ce masa ya fara da shi, ya bar Merino sai hannu ya faɗa.

Abin da ya fi ba ni wahala, kuma na fi son in tsaya a kansa, shi ne jan gashi. Hannu ɗaya na riƙe da gashin, ɗaya na gaba yana tsunkule wurin da murɗi ya tsaya, yana zaro sili kaɗan, sannan ya zame baya ya bar murɗi ya biyo. Tsakanin hannuwan biyu gashin na buɗewa kamar ɗan alwatika, kuma doka ɗaya ce a wurin: kada murɗi ya tsallake yatsu ya shiga cikin dunƙulen gashin. In ya shiga, gashin ya kulle, ko da ƙarfi aka ja ba zai zo ba. Ni kuwa saboda tsoron kada ya tsinke, na riƙa damƙe gashin a tafin hannu har ya jiƙe da gumi ya cure. Na koma wurinta da kwarkwaro cike da ƙulle-ƙulle. Ta ce in zauna in kaɗa ta gani. Ba ta duba keken ba, hannuna ta kama ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Riƙe shi kamar ɗan tsako. Kada ya gudu, kada kuma ki matse shi."

Sai ta zaro sili guda ta miƙe shi a gabana, ta ce in duba tsawonsa. Ya kai kamar santimita 10. Hannuwana kuwa ba su fi santimita 5 tsakaninsu ba, wato ina riƙe da kai da gindin sili ɗaya ina ja, ba inda za shi. Da na ware hannuwa suka ɗan wuce tsawon silin, gashin ya fara zamewa da kansa. Ban taɓa manta wannan jin ba, kamar ƙofar da na daɗe ina turawa ashe janta ake yi.

Ta kuma koya mini in raba aikin gida biyu. In taka feda murɗi ya taru, in tsayar da keke, in ja gashi a natse murɗin ya shiga, sannan in taka ya naɗe. Babu gaggawa a ciki. Bayan kamar mako guda ina haka, wata rana na lura ƙafata ba ta tsaya ba kuma hannuna na biye da ita.

Zare da kansa yake faɗin abin da ke damunsa. In ya riƙa nannaɗewa kansa yana ƙulli kamar wayar da ta murɗe, murɗi ya yi yawa: ƙafa ta rage gudu, ko a ƙara birki kaɗan. In ya zare ya rabu ba tare da ƙara ba, murɗi ya yi kaɗan. In ya tsinke da ƙara, wurin ya yi siriri ne murɗi ya taru a kansa, don murɗi kullum wuri mafi siriri yake gudu ya bar mai kauri. In ya tsinke kuma ba a ƙulla shi. Ana buɗe bakin zaren ya koma gashi, a ɗora shi a kan sabon gashi, a ja su tare murɗi ya haɗa su. Na kuma koyi matsar da zare daga ƙugiya zuwa ƙugiya akai-akai, domin in ya taru wuri ɗaya tulin yana rushewa, bakin zare ya ɓace a ƙarƙashi. Ɗigon mai a ƙarfen da kwarkwaro ke juyawa a kai, da inda fiffike ke zaune, shi ya kawar da kukan da keken ke yi.

Da na cika kwarkwaro biyu sai tufka. Na kaɗa kowanne wili na bin hannun agogo, don haka a tufka dole wili ya juya akasin haka, murɗin farko da na biyu su daidaita juna. Na bar su suka kwana kafin na haɗa, zaren ya ɗan lafa. A nan na ga abin da ya faranta mini rai: inda zare ɗaya ya yi siriri sau da yawa ɗaya ya yi kauri, sai suka rufa wa juna asiri. Na warware shi na yi dogon naɗi, na ɗaure wuri huɗu, na jiƙa a ruwan ɗumi da sabulu kaɗan kamar minti ashirin. Ban cuɗa ba, ban kuma fitar da shi daga ruwan zafi zuwa na sanyi kai tsaye ba, don jikin silin ulu yana da ɓawo-ɓawo, zafi da sabulu da cuɗa na sa su sarƙe ya dunƙule har abada. Na matse ruwan a tawul na rataya. Da ya bushe ya kumbura ya yi laushi, ya rataye kusan a miƙe, ya ɗan karkata gefe guda kawai.

Gram 100 ne duka, kauri da siriri a haɗe, na saƙa hula da shi. Na yanke kamu ɗaya na ajiye da kwanan wata a jiki, shawarar dattijuwar ce, ta ce idan hannu ya saba da siriri, yin zare mai kauri irin na farko sai an sake koyo. Yanzu ina kan kwarkwaro na bakwai. Merinon nan da ya gagare ni yana nan a jaka, jiya na ciro ɗan kaɗan, na mayar da igiya gurbi na tsakiya, na sassauta birki, na samu kamu uku kafin ya zame.