Godiya ga waɗanda suka kawo mini littattafai ina jinya

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, karayar ta ɗinke, na ajiye sanda, na koma bakin aiki. Waɗanda suka zo dubiya, da masu kiran waya, da masu addu'a daga nesa, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Amma akwai wasu da nake so in ware yau, su ne waɗanda suka riƙa shigowa da littafi a hannu. Wanda bai taɓa doguwar jinya ba bai san tsawon dare ba. Da littattafanku na ci shekarar nan.

Malam, kai ka fara. Ka aiko mini da Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, kana cewa karatun makaranta daban, na mai hankali daban. Gaskiyarka. Da can labarin yaron da aka sace aka ƙetara Sahara da shi kawai nake gani. Wannan karon uwar ce ta tsaya mini a rai: mace ta bar gida neman ɗanta, ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi, kuma ko da Allah Ya haɗa su, ba ta daɗe ba ta rasu. Na rufe littafin na kira Inna, ban ma iya gaya mata dalili ba. A duk abin da na karanta bana, shi ne na ɗaya.

Yaya, na gode da littafin Mariama Bâ ta Senegal, So Long a Letter, wanda ta rubuta da Faransanci a 1979, ya kuma ci kyautar littattafan Afirka mai suna Noma Award a 1980. Wasiƙa ce guda, Ramatoulaye tana cikin takaba take rubuta wa aminiyarta Aissatou yadda mijinta ya auri ƙawar 'yarsu ya juya mata baya. Ɗan siririn littafi ne, amma a hankali na bi shi, don matar ba ta zagi kowa ba, kuma ba ta ɓoye komai ba. Layukan da kika ja da jan biro a gefe sun sa na ji kamar tare muke karantawa.

Sai ƙanwata, autarmu. Lokacin da magani ke sa idona nauyi, ita ke jawo kujera bakin gado ta karanta mini Magana Jari Ce na Abubakar Imam, tana maƙale murya in ta zo kan akun nan da ke jan Musa ɗan sarki da labari don kada ya fita. Dariya na motsa mini ciwon, amma ban taɓa cewa ta daina ba. Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ki mai yi miki.

Abokan aiki da suka turo mini littattafai ta waya, wasu ban kai gare su ba tukuna, suna nan a ajiye kuma zan karanta.

Har yanzu akwai na mutane a wurina, wasu babu suna a bangonsu. Don Allah duk mai littafi a hannuna ya yi mini magana, ni da kaina zan kawo masa har gida, tunda ƙafa ta samu. Allah Ya bar zumunci, Ya ba sauran marasa lafiya sauƙi.