Bangon da ya karanta min tarihin Meziko

Kwana huɗu ke nan da dawowata daga birnin Meziko, amma har yanzu in na rufe ido launukan bangon nan nake gani. Taron aiki ne ya kai ni, sai ga shi na dawo bakina ba ya rabuwa da sunan wani mai zane, Diego Rivera, haifaffen Guanajuato a 1886, wanda ya rasu a 1957.

Ranar farko numfashi ya so ya gagare ni, don garin yana kan tudu mai tsayin mita 2,240. Mai masaukina, wani dattijo malamin makaranta, ya miƙo min jan abin sha mai sanyi, wai sunansa jamaica. Ina kurɓa na fashe da dariya. Ashe zoɓo ne! Sai dai nasu lami, ba citta ba kanumfari.

Shi ya kai ni fadar gwamnati da ke dandalin Zócalo. Jirgin ƙasan cikin gari peso 5 kacal, ko ina za ka. Na tuna yadda muke cacar baki da masu adaidaita sahu, na yi shiru. A bangon matakalar fadar Rivera ya zuba tarihin ƙasar kaf tsakanin 1929 da 1935: mutanen Aztek 'yan asalin ƙasar, zuwan Sifaniyawa da dawakai da bindigogi, bauta, juyin juya hali. Ban iya yarensu ba, amma ban nemi tafinta ba. Dattijon ya ce ai manufar ke nan, a lokacin talakawa da yawa ba su iya karatu ba, sai gwamnati ta mai da bango littafi. Na fi daɗewa a gaban zanen tsohuwar kasuwar Tlatelolco. Masu masara, masu dako, 'yan ciniki, wallahi kamar Kasuwar Kurmi ana gobe Sallah.

A kan ɗanyen shafe Rivera yake zanen, kafin ya bushe, dabarar da ya nazarta a Italiya kafin ya koma gida a 1921. Haka maginan Zariya suke fitar da ado tun yaɓen yana ɗanye, illa dai namu ba sa zana mutum.

Mutumin kuma akwai taurin kai. Iyalan Rockefeller, attajiran Amurka, sun ba shi bango a New York, a 1933 ya cusa hoton Lenin, jagoran 'yan gurguzu na Rasha, a ciki. Aka ce ya goge, ya ce atafau. Aka sallame shi, aka farfashe zanen a 1934, shi kuwa ya dawo gida ya sake zana abinsa a fadar fasaha ta birnin Meziko, Palacio de Bellas Artes. Na gan shi, Lenin na nan daram. A bakin titi wata mata ta sa min kwafinsa peso 200, na taya 80 irin ta gida. Ta harare ni sama da ƙasa, ta juya baya. A 150 muka rabu, ban ji daɗi ba.

Shuɗin gidan matarsa Frida Kahlo a unguwar Coyoacán, layi ya kore ni. Anahuacalli, ginin baƙin dutse da Rivera ya tsara don ajiye kayan tarihin da ya tara, a gurguje na leƙa, jirgina na dare ne.