Abin da kiwon tsutsar auduga ya koya mini game da wani ƙuda

Malamin gona a yankin auduga na arewacin Kamaru, daga Garwa zuwa Gidar har Kaele, rabin aikinsa a watannin Satumba da Oktoba ƙirge ne. Ka shiga gona da sassafe, ka bi kunya-kunya, ka ɗaga ganye, ka buɗe fure, ka duba ƙwallon auduga ko an huda shi, ka rubuta yawan tsutsar da ka gani. Da wannan lissafi ake yanke shawarar a yi feshi ko a dakata. Tsari ne mai kyau, ya fi feshin ido rufe nesa ba kusa ba. Sai dai takardar da muke cikewa tambaya ɗaya take yi: tsutsa nawa? Ba ta tambayar nawa ne a cikinsu za su kai labari.

Amsar wannan tambaya ta biyu a ɗakin binciken ƙwari na same ta, lokacin da aka tura ni horo aka haɗa ni da kiwon tsutsa. Mukan kwaso su daga gona, kowace a sa ta kwalbarta ita kaɗai, don tsutsar ƙwallon auduga, wadda masana ke kira Helicoverpa armigera, ba ta ƙyale 'yar uwarta in suka haɗu wuri ɗaya, cinye ta take yi. A rufe bakin kwalba da ƙyallen gidan sauro, a ɗaure da roba, kullum a canza mata ganye ko ɗan yankin kuɓewa. Abin da ake jira shi ne ta ƙoshi, ta nutse cikin 'yar ƙasar da ke gindin kwalba, ta ƙunshe kanta, daga baya ta fito da fiffike. Amma a wasu kwalaben ba haka ake yi ba. Tsutsar sai ta daina ci, ta yi laushi, ta yi baƙi, wata farar tsutsa marar kai marar ƙafa ta fasa fatarta ta fito. Cikin 'yan sa'o'i wannan baƙuwa ta taurare ta zama ja-ja kamar ƙwayar alkama. Bayan mako ɗaya ko biyu sai ka tarar da ƙuda yana zagaya kwalbar.

Dattijon da ke kula da ɗakin, wanda duk muke ce wa Baba, ya faɗa mana tun ranar farko: "Yara, in kun ga ƙuda a kwalba, ba ta taga ya shigo ba. Tare kuka taho da shi daga gona, a cikin cikinta."

Dangin wannan ƙuda ana kiransu Tachinidae, kuma nau'in da aka riga aka sa wa suna a duniya ya haura 8,000. In ka gan shi a kan fure za ka ɗauka ƙudan gida ne da ya yi ƙiba, sai dai bayansa cike yake da gashi mai tauri tsaye-tsaye. Ba ya cizon mutum ko dabba, ba ya bin juji. Babbansa ruwan zaƙin fure da darɓa yake sha, yana kuma kai garin fure daga wannan tsiro zuwa wancan. 'Ya'yansa ne ba sa rayuwa sai a jikin wani ƙwaro: yawanci tsutsa, wasu kuma fara, ko gyare, ko ƙwaron nan kore mai wari da ke tsotsar wake.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda uwar ke isar da ɗanta. Wata takan sauka a kan tsutsa ta manna fararen ƙwai a bayan kanta, inda bakin tsutsar ba ya kaiwa balle ta cire. Wannan ne kaɗai ake iya gani da ido a gona, kuma da zarar ka san shi ba ka ƙara rasa shi. Wata ba ta ma neman tsutsar: ƙwai ƙanana ƙwarai take zubawa da yawa a gefen ganyen da aka fara ci, tsutsa ta haɗiye su tare da abincinta, su ƙyanƙyashe a hanjinta. Wata kuma tana da tsinin da take huda fata da shi. Ga masu farautar tsutsar kara, wadda ke ɓoye cikin karan dawa da masara inda ƙuda ba zai iya shiga ba, uwar takan ajiye 'ya'ya masu rai a bakin ramin da tsutsa ke turo kashinta, su bi ramin da kansu har su same ta. Akwai irin wannan a nan Afirka, sunansa Sturmiopsis parasitica. A Amurka ma akwai wani, Ormia, da ke bin kukan gyare da dare. Kunnensa ya kai masu ƙera na'urar taimaka wa kurame suna kwaikwayonsa, kuma a tsibirin Kauai na Hawai ya matsa wa gyare har mazan can mafi yawa suka daina kuka.

Da ya shiga, ɗan ƙudan ba ya gaggawa. Yakan maƙala bayansa a wata 'yar kafa ta fatar tsutsar ko a hanyar numfashinta don ya samu iska, ya fara da kitse da ruwan jiki, ya bar sassan da rai ke rataye a kansu sai ƙarshe. In ya kashe ta da wuri, shi ma ya mutu. Shi ya sa tsutsar da aka riga aka gama da ita za ka gan ta tana yawo tana ci kamar lafiya lau.

Wannan ya canza mini yadda nake karanta takardar ƙirge. Gonaki biyu za su iya ba ka lissafi iri ɗaya, amma a ɗaya kusan kowace tsutsa za ta girma ta zuba ɗaruruwan ƙwai, a ɗayar kuwa da dama cikinsu ƙudaje za su haifar. Feshi kuma ba ya tambaya. Ƙudan da ke yawo a sarari shi magani ke fara kayarwa, tsutsar da ta riga ta shige cikin ƙwallo ta tsira. Ga shi tun ƙarshen shekarun 1990 aka gano tsutsar ƙwallon auduga ta fara jure wa magungunan dangin firetiroyid a Afirka ta Yamma, daga baya aka tabbatar da haka a nan arewacin Kamaru. Wanda ya sayo irin wannan magani a kasuwa, cikin kwalbar da rubutunta ya goge, ya watsa wa kuɓewa ko tumatir, wataƙila maƙiyan tsutsar kawai ya kashe da kuɗinsa.

To amma ba na cikin masu yi wa ƙudan nan kirari. Na ji abokan aiki a taron horarwa suna kiransa abokin manomi, kamar don mu yake yi. Ba ruwansa da mu. A 1925 an ɗauko wani nau'insa daga Malaya aka kai Fiji, ya murƙushe ƙwaron da ke cinye ganyen kwakwa, aka yi ta murna. Amma tun 1906 an kai wani, Compsilura concinnata, daga Turai zuwa Amurka don ya rage wata tsutsa mai cinye ganyen itatuwan daji, sai ya bazu kan fiye da nau'i 150 na ƙwarin ƙasar, har ana danganta raguwar manyan malam-buɗe-littafin darensu da shi. A Indiya kuwa, masu kiwon tsutsar alharini suna da nasu da suke kira uzi, kuma babban abokin gaba ne a wurinsu, tagogi suke rufewa da raga saboda shi. Dangi ɗaya, aiki ɗaya, ya danganta da abin da kake kiwo.

Inda nake ganin alfanunsa a fili shi ne batun tsutsar masarar nan da ta ɓulla a Afirka a 2016 daga nahiyar Amurka. Ta iso ba tare da maƙiyanta na gida ba, shi ya sa shekarun farko suka yi muni. Ba a daɗe ba masu bincike a Habasha da Kenya da Gana suka fara samun ƙudajen Afirka na wannan dangi suna fitowa daga jikinta. Ba wanda ya kawo su, ba wanda ya biya. Rashin zaɓen nan nasu da ya zama matsala a Amurka, a nan ya yi mana rana.

Wahalar ita ce bayyana wa manomi wannan ba tare da ka yi masa alkawarin ƙarya ba. Wani Alhaji mai gonar auduga da masakwa a wajen Marwa ya saurare ni har na gama, na nuna masa tsutsa mai fararen ƙwai a wuya, sai ya ce: "Malam, na ji. Amma kafin ɗan ƙudan naka ya gama da ita, ƙwallo nawa za ta huda mini?" Na ce masa, Alhaji, kusan duk wanda za ta huda dā ma, ribar tana kan zubi na gaba ne, ba wannan ba. Ya yi dariya ya ce bashin taki da iri ba ya jiran zubi na gaba. Gaskiyarsa. Abin da muka daidaita a kai kaɗan ne: in ƙirge ya haura ƙa'ida zai yi feshi, amma da maganin da aka tsara wa wannan lokacin, ba na kasuwa ba; in lissafin na kan iyaka kuma akwai masu ƙwai a wuya da dama, za mu sake dubawa bayan kwana biyu ko uku kafin a ɗauki famfo. Riɗi da zoɓon da matan gidansa ke shukawa a bakin gona, da ciyawa mai fure ta gefen hanya, ya yarda a daina kai musu feshi, tunda nan ƙudajen ke shan zaƙi kafin su yi ƙwai. Ni kuma a takardata na ja wani layi da biro a gefen gurbin ƙirge, inda nake rubuta yawan masu ɗauke da ƙwai, kodayake fom ɗin da ake turawa ofis har yanzu babu gurbinsa.