Asabar a Beirut Road, da kwamfuta a cinya

Tun ƙarfe tara na fito da akwatin kwamfutata naɗe cikin tsohon bargo, na tari adaidaita daga Hotoro zuwa Beirut Road, layin masu sayar da kwamfuta a Kano. Mai adaidaitar sai leƙe yake ta madubi, har dai ya kasa haƙuri ya ce, "Malam, janareta ne?" Na ce kusan haka, tunda ita ma kuɗi take ci.

Wata uku ke nan ina tarin kuɗi saboda katin girafik, wato abin da ke zana hoton wasa a allo. Nawa GTX 1050 Ti ne mai gigabayit 4, samfurin 2016, kuma tuni na yanke masa hukunci cewa shi ke sa wasan Cyberpunk 2077 yana rarrafe a allona. Raina na kan RTX 3060 mai gigabayit 12, wanda ya fito a 2021. Da na kira mai shagon jiya, wani yayan abokina ne, sai ya ce kar in zo da kuɗi kaɗai, in zo da injin ma. Har na ɗan ji haushi. Kaya nake son saye, me ya kawo dako?

Yana kwance murfin ya ja da baya yana tari. Ƙurar hunturu ta yi wa fankar furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, rawani, ja wur, har ba a ganin haƙarƙarin ƙarfen da ke ƙasanta. "Ƙanena, wannan ai gona ce," in ji shi. Yaron shago ya fita da ita waje ya busa, aka kankare man rage zafi da ke kan furosesan, wanda ya bushe kamar ƙanzo, aka shafa sabo. Sannan mai shagon ya duba fawa, wato akwatin da ke ba injin wuta. Katina na yanzu wat 75 yake ja, daga jikin bod, faifan da komai ke haɗe a kansa, ma yake sha ba ya buƙatar waya. Shi kuwa 3060 wat 170 ne, kuma Nvidia ta ce a haɗa shi da fawa mai wat 550. Tawa ba ta kai ba, sai ya ara min tasa don gwaji. Nan take na tuno da batirin solar gidanmu da yake fara kuka kafin sha ɗaya na dare, amma na yi shiru.

Aka sa sabon katin, aka kunna MSI Afterburner, manhajar da ke nuna aikin kati da furosesa, lambobi suka jeru a kusurwar allo. Na fara daga wajen gari, can cikin dajin wasan inda babu kowa sai ƙasa da duwatsu. Wallahi kamar ba kwamfutata ba. Motar tana tafiya sumul, na juyo ina yi wa mai shago murmushin na-gaya-maka. Ya ce, "Shiga cikin gari tukuna."

Ina shiga inda mutane suka cika titi, abin ya fara tsinkewa. Ya yi gudu, ya ɗan ƙame, ya fizga. Mai shagon ya ɗora yatsa a kan allon. Furosesa ya kafe a ɗari bisa ɗari, kati kuma yana yawo wajen rabi, yana hutawa abinsa. Na ce ko dai a rage girman hoto. Ya ce rage. Na sauke daga 1080p zuwa 720p, wato daga ɗigo sama da miliyan 2 zuwa ƙasa da miliyan 1, aikin katin ya ragu da fiye da rabi. Lambar FPS, wato yawan hotunan da ake zanawa a daƙiƙa ɗaya, ko gezau ba ta yi ba. A nan bakina ya mutu, don in da katin ne ke haki, sauke masa kaya zai sa ya ƙara gudu.

Bayanin da ya yi min da shagon ɗinki ya yi shi, kuma ya zauna min. Furosesa shi ne mai yanka: shi ke lissafin inda kowane mutum zai taka, inda kowace mota za ta juya, sannan ya miƙa. Kati shi ne tela. Ka ɗauko tela mafi sauri a Kano ana jibi Sallah, in mai yankanka tsoho ne mai almakashi ɗaya, zaman jira telan zai yi. Nawa mai yankan i5-4590 ne na 2014, hannu huɗu gare shi, aiki huɗu a lokaci guda, shi ke nan.

Don kar in ce faɗa kawai yake, ya cire katin ya sa a injin shago mai Ryzen 5 3600, na 2019, mai hannu shida da ke riƙe aiki goma sha biyu. Titi ɗaya, cinkoso ɗaya. Kati ya haye kusan ɗari, tsinkewar ta ɓace.

Abin da ya fi ci min rai shi ne ba a sauya furosesa shi kaɗai. Bod ɗina iyakarsa irin su i7-4790, kuma ram ɗinsa, ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, samfurin DDR3 ne. In Ryzen nake so, sai sabon bod da DDR4, ga fawa ma tana layi. Kuɗin da na taho da su ba za su ɗauki wannan duka da kati ba. Ya ce in na matsa zai sayar min da katin yau, amma rabinsa zan mora. Ban taɓa ganin ɗan kasuwa yana rage wa mai saye zumuɗi haka ba.

Bayan Azahar muka ci shinkafa da wake a bakin shagon, ina ta lissafi a waya. Na bar masa kafin alƙalami na bod da Ryzen da ram, ya ce in dawo Laraba. Kati sai wani jiƙon, in dala ta yi mana adalci.

Na iso gida gab da Magariba, Auta ya tare ni a zaure. "Yaya, ina katin?" Na ce yana shago. Ya karɓi akwatin ya haɗa da kansa, ya kunna wasan ƙwallo na eFootball, ya ce ai ta daina ƙarar nan da take yi. Ya ci ni uku da ɗaya kafin a kira Isha.