TARIHIN RAYUWATA, kashi na 17: Ranar da na buɗe lambun Abban yara

Assalamu alaikum 'yan uwa, ku yi haƙuri da jinkirin wannan makon, wallahi hannuna ne duk ya yi kanta ko waya da ƙyar nake riƙewa, in kun karanta zaku gane dalili.

Makon jiya na tsaya a inda muka ƙarasa lokacin sanyi na farko babu Abban yara, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Duk tsawon watannin nan ban taɓa leƙa bayan gida ba, ko labulen tagar kicin da ke kallon lambun bana ɗagawa, saboda nasan in na ɗaga, shi zan gani a raina durƙushe yana tuge ciyawa. Lambun nasa ne, ni iyakata in ce a tsinko min kaza a kawo min kaza, ban san komai a kai ba.

To da sanyi ya fara ja da baya rana ta fara daɗewa kafin ta faɗi, wata safiya sai ga autata ta shigo da gudu ko takalmi babu tana cewa "Mama zo ki gani, abin Abba ya fito!" Na bita jikina a sanyaye. Ashe tafarnuwa ce. Tun kaka ya dasa ta, kamar wata 2 kafin rasuwarsa, layi 3 a miƙe tsaf, kowace ta ɓullo da ɗan koren kai kamar tsawon yatsa. Ita tafarnuwa dama sai ta sha sanyi a cikin ƙasa sannan take rabuwa sala-sala, shi yasa ake dasa ta kafin sanyi. Wannan ma daga baya na sani. A lokacin dai durƙusawa nayi na taɓa ganyen, yayi sanyi ga raɓa a jikinsa, nayi kukan da na daɗe banyi irinsa ba, yarinyar nan tana shafa min baya tana cewa Mama kiyi haƙuri.

A ranar na ɗauko mukullin ɗan ɗakin kayan aikinsa. Fartanya, shebur, manjagara, butar ban ruwa, komai na rataye a inda ya barshi, ga wani gwangwanin biskit cike da iri a ƙananan takardu, kowace ya rubuta suna da shekara. A ƙasan gwangwanin na samu littafinsa, irin na 'yan makaranta, duk shafukan sun yi tabon ƙasa. Mutumin nan ashe komai rubutawa yake, ranar da ya shuka, ranar da ya tsiro, abinda ya lalace da dalilin lalacewarsa.

Ni kuma zumuɗi ya kamani, a ranar naso in kifar da ƙasar duka. Har na kafa shebur sai maƙwabciyarmu, wata dattijuwa da suke yawan musayar iri da shi ta kan shinge, ta leƙo tace "'yata dakata, ɗebo ƙasar a hannunki ki matse." Na matse, ta dunƙule kamar ƙwallo har da sheƙi, na danna da yatsa taƙi wargajewa. Tace to ki ajiye shebur ɗin nan, ƙasa bata tsane ba, in kika juya ta a haka zata daskare tayi manyan hoge kamar dutse, saiwa ta kasa ratsawa, shekarar duka kina fama. Nace Baba to sai yaushe? Tace sai ranar da kika matse ta ta rugurguje da kanta. Kwana 9 ina fita kullum da safe ina matsa ƙasa kafin ta yarda.

Amma ban zauna haka ba. Na kwashe busassun karan tumatir na bara da ganyen da iska ta tara, na wanke tukwanen dashe da sabulu, sannan na gwada irin nan kamar yadda ya rubuta a littafin: ki ƙirga ƙwaya 10, ki nannaɗe a tishu mai laima, ki sa a leda ki ajiye wuri mai ɗumi. Tumatir 9 suka tsiro cikin 10, na albasa 2 kacal, shi irin albasa baya daɗewa, shekara ɗaya zuwa biyu ya mutu, na tumatir kuwa yana kai shekara 4 ko fiye in yana wuri busasshe. Da ban gwada ba da na zuba albasar nan ina ta jiran abinda ba zai zo ba.

Tumatir da tattasai a cikin gida na fara su bakin taga, a 'yan kofunan roba da na huda ƙasansu, domin su basa jure sanyi ko kaɗan, ana farawa da su kamar sati 6 zuwa 8 kafin sanyin ƙarshe mai daskarar da raɓa ya wuce. A waje kuma da ƙasa ta tsane na baza takin da ya bari a kusurwa, ya ruɓe yayi baƙi ƙirin ga ƙamshi kamar na ruwan farko, tsutsotsin tana da ke ciki kuwa har tsoro suka bawa auta, na zuba kaurin kamar santimita 4 na gauraya sama-sama da manjagara. Nan na shuka masu son sanyi-sanyi, latas da karas. Inda yayi tumatir bara ban maimaita ba, ya ja layi biyu ƙarƙashin maganar a littafin, cewa tumatir da tattasai da dankalin turawa da gauta duk dangi ɗaya ne, ciwonsu ɗaya kuma yana kwana a ƙasa, don haka na ware wajen wa wake in ɗumi ya shigo.

Na'ana'a ce ta ban wahala, ita ce ma silar kantar hannun nan. Ashe ta ƙarƙashin ƙasa take tafiya, ta fita daga kusurwarta ta mamaye rabin fangali, ka ja tsiro ɗaya sai kaga farar igiya ta biyo shi tsawon hannu, kuma ɗan guntun da ka bari a ƙasa shi ma tsirowa zai yi. Kwana 2 ina tono. Na zaɓi masu kyau na maida su babbar tukunya, can su ƙarata.

Kuskuren da ya fi min ciwo kuwa na ɗoɗɗoya ne. Tayi kyau a bakin taga, ganye shar, sai wata rana akayi rana mai daɗi nace bari in fitar da ita ta sha iska, dare yayi na manta ban shigo da ita ba. Da safe na tarar ganyen duk sun yi baƙi sun langaɓe kamar an zuba musu tafasasshen ruwa. Ita in sanyi yayi ƙasa da digiri 10 ta fara wahala kenan, kuma duk abinda ya tashi a ɗaki ba a fitar da shi lokaci ɗaya, sai a hankali, yau awa 2 a inuwa gobe a ƙara, har kwana 7 zuwa 10 kafin ya saba. Duk wannan na cikin littafin, shafi biyu gaba da inda na tsaya karatu. Daren nan na zauna na karance shi tas har bango.

A shafin ƙarshe ne naga ya zana taswirar lambun na bana da fensir, ya raba fangali-fangali, akwai wani ƙarami kusa da ƙofar kicin da ya rubuta sunana a ciki amma bai faɗi me zai shuka ba. Na kira babbar 'yata a waya na tambayeta ko ya taɓa mata maganar, tayi shiru sannan tace Mama bari sai nazo ranar Asabar in faɗa miki baki da baki. Har yanzu fangalin nan ban taɓa shi ba, na dai cire masa ciyawa na zuba taki.

Abinda ta faɗa min sai mako mai zuwa in Allah ya kaimu.