Asabar a hanyar Bichi da faifan ƙarshe na Dire Straits

Tun ban gama azkar ɗin safe ba Kawu ya kira, wai kada in kuskura mu makara, ƙarfe sha ɗaya za a ɗaura auren a Bichi, shi kuma ba ya cikin masu zuwa bayan an shafa fatiha. Na sha koko da ƙosai a tsaye, na duba baƙin mai da ruwan lagireto, na biya na ɗauki ƙanin maiɗakina, muka tarar da Kawu a bakin titi a Kurna, ya sha babbar riga yana ta duba agogo.

Motata tsohuwa ce, CD kawai take ci, wayar da nake haɗa salula da ita kuwa ta tsinke. Sai yaron ya buɗe aljihun gaban mota yana tonon faya-fayan da babban wana ya bar mini bayan ya dawo daga karatu a Ingila. Ya zaro ɗaya mai suna On Every Street, na Dire Straits, gungun mawaƙan rock na Birtaniya, ya juya shi gaba da baya, ya ce, "Yaya, ashe Dire Straits suna da wannan? Ni na ɗauka daga Brothers in Arms suka watse."

Shi fa ba baƙo ba ne a harkar. Yana koyon jita, kuma ta hannun makaɗan Agadas ya san Mark Knopfler, jagoran gungun kuma makaɗin jitarsu, domin Bombino, ɗaya daga cikin makaɗan Agadas ɗin, ya sha faɗin cewa yana yaro ya riƙa kallon bidiyon Jimi Hendrix da na Knopfler yana kwaikwayo. Waƙarsu Sultans of Swing a kansa take, har wurin da yatsu ke gudu a ƙarshe yana iya bi da baki. Amma On Every Street ko sunansa bai taɓa ji ba. Na ce masa ya saka.

Kafin mu wuce Bachirawa na ba shi tarihin a gurguje. Brothers in Arms ya fito a 1985, ya sayar da sama da kwafi miliyan 30, shi ne faifan da ya fara sayar da miliyan ɗaya a CD. Daga nan suka yi shiru shekara shida. Knopfler ya gaji da manyan filayen wasa, ya koma yin kiɗan fim, ya haɗa wani ƙaramin gungu mai suna Notting Hillbillies, ya kuma yi faifai da Chet Atkins, dattijon makaɗin jita na Nashville, cibiyar kiɗan kantiri, wato kiɗan karkara na Amurka, a 1990. Da suka dawo a Satumbar 1991 sai suka tarar kiɗa ya canza. A wannan watan ne Guns N' Roses suka saki faifai biyu rana ɗaya, Nirvana suka saki Nevermind, samari duk sun koma can. Ga kuma Knopfler, dattijo ɗan shekara 42, ya zo yana waƙa ƙasa-ƙasa kamar ba ya son a tashi maƙwabta. Duk da haka faifan ya hau na ɗaya a Birtaniya, a Amurka ya tsaya na 12, ya sayar da miliyoyi. Ga wani mawaƙin wannan babbar nasara ce. Su kuwa sai aka ce sun faɗi. Irin yaron nan ne da ya ci jarrabawa da kyau, amma wansa ya taɓa zuwa na ɗaya a jiha, sai a gida ake tambayarsa me ya same shi.

Waƙar farko, Calling Elvis, ta burge shi saboda ganga. Jeff Porcaro ne na gungun Toto, wanda ya buga a Beat It ta Michael Jackson, shi ya kaɗa yawancin waƙoƙin faifan. Bai yi shekara guda da fitowarsa ba ya rasu, a Agustan 1992, yana da shekara 38. Waƙar ita kanta wasa ce, an ɗinka ta da sunayen waƙoƙin Elvis Presley a bakin wani masoyi da ya ƙi yarda mutumin ya mutu, yana ta buga masa waya. Ina son ta, amma ta yi tsawo, minti shida da ɗoriya a kan ra'ayi ɗaya.

A Dawanau muka shiga cunkoso. Wata tirela ta gitta rabin titi ana loda buhuna, 'yan dako suna tsallakawa da kaya a ka, masu Adaidaita suna kutsawa ta ko'ina. A nan waƙa ta biyu ta shigo, wadda aka sa wa faifan sunanta, kuma na gode wa tirelar nan, don waƙar ba ta mai sauri ba ce. Piyano ne ya buɗe ta, a hankali. Muryar Knopfler kamar mai magana da kansa, yana ba da labarin wani da ke bin sawun wani mutum a cikin birni, titi bayan titi, yana duba fuskokin jama'a. Bai faɗi wane ne ba, bai faɗi ko ɗan sanda ne ke nema ko masoyi ba. A ƙarshen kowane baiti sai ka ji kamar kiɗan zai tashi, sai ya koma ya kwanta. Haka har wajen minti uku. Yaron ya kai hannu zai tsallake, na buge hannun. Sai magana ta ƙare gaba ɗaya, jita ta fara wata zagaya mai sauƙi, tana zuwa tana dawowa, ganga ta shigo da ƙarfi, sauran kayan kiɗa suka hau ɗaya bayan ɗaya. Babu gudun yatsu, babu nuna gwaninta. Jimla ɗaya ce ake maimaitawa tana ƙara nauyi har sautin ya dushe. Ya yi shiru, can ya ce, "Yaya, mayar da ita baya." Ban mayar ba, na ce ya bari mu ji sauran.

Abin da ban zata ba shi ne Kawu. Tun da muka taso yana ta jan carbi, na ɗauka ma ba ya ji. Sai ya ɗago ya ce, "Kai, wannan abin da ke kuka a baya, ai na Sunny Ade ne." Kuma gaskiyarsa. Jitar nan ce da ake kwantarwa kamar tebur, makaɗin yana zaune, yana zamar da ɗan ƙarfe a kan tsirkiyoyi, ƙafarsa na taka feda, gwiwarsa na tura wasu sanduna, sai sautin ya riƙa lanƙwasa ba tare da ya yanke ba. Kayan kiɗan kantiri ne na Amurka, amma King Sunny Ade ya shigar da ita cikin juju, Demola Adepoju na kaɗa masa. Kawu ya yi shekaru yana fataucin goro a Kudu, kunnensa ya riƙe ta. A wannan faifan Paul Franklin ne na Nashville ke kaɗawa, kuma a ganina shi ne rabin daɗin aikin. Knopfler ya saba shi kaɗai ne mai magana da jita a gungun. A nan ya samu abokin hira. A You and Your Friend za ka ji su biyun suna amsa wa juna a natse, wannan ya faɗa wancan ya ba shi amsa, ba mai katse wani.

Daga nan aka fara kiran Kawu a waya ana tambayar inda muke, ya sa aka kashe.

Mun isa da sauran lokaci. An ɗaura aure, an raba goro da alawa, maroƙa sun yi nasu, mun ci shinkafa da miya a zauren waliyyin ango. Na haɗu da wani abokin makaranta da furfura ta cinye masa kai, muka yi dariyar juna, muka karɓi lambar waya wadda dukkanmu mun san ba za a kira ba. Bayan azahar muka kamo hanya.

A dawowa Kawu da kansa ya ce a ci gaba, amma da sharaɗin in riƙa gaya masa abin da Baturen ke cewa, don shi ba ya sauraron waƙar da bai san ko zaginsa ake ba. Heavy Fuel na tsallake. Ita ce aka yi don rediyo, ƙarar jita irin ta tsohuwar waƙarsu Money for Nothing, wani mashayi na yabon kansa. Ba'a ce ake wa mutumin, na sani, amma ƙanshin tsohuwar miya ke tashi a ciki, kuma ina zargin ita ta sa masu sharhi suka ce gungun ba shi da sabon abu.

Sai Iron Hand, wadda ba ta fi minti uku da kaɗan ba. Jita ce mara lantarki da ganga can nesa irin ta fareti. Na gaya wa Kawu labarin: a watan Yuni na 1984, lokacin yajin aikin masu haƙar kwal a zamanin Margaret Thatcher, 'yan sanda a kan dawakai suka afka wa masu yajin aiki a Orgreave, a kudancin Yorkshire. An fasa kawuna, an gurfanar da mutum 95, daga baya shari'ar ta rushe. Knopfler ya taso a yankin Newcastle, ƙasar masu haƙar kwal, kuma ya yi aikin jarida a Leeds kafin ya zama mawaƙi. To, aikin ɗan jarida ya yi a waƙar. Ya zana filin da launukansa, sararin sama, ciyawa, kayan sarki, garkuwa, kulake, jini, kamar yana ba da labarin yaƙin zamanin sulke, sai a ƙarshe ka gane a ƙasar Sarauniya ne kuma jiya-jiya ne. Ko sau ɗaya bai ɗaga murya ba. Kawu ya ce, "Su ma ashe suna yi." Bai ƙara ba.

Ticket to Heaven ce ta ba shi dariya har ya cire hula. Kiɗan zaƙi ne zalla, goge irin na Turawa suna shawagi, George Martin mutumin Beatles ne ya tsara su. Idan ba ka jin Turanci sai ka rantse waƙar soyayya ce. Alhali wani talaka ne ke magana, yana aika ɗan abin da ya samu ga mai wa'azin talabijin mai zoben lu'ulu'u, yana murna ya sayi wurinsa a Aljanna, ga shi ko kuɗin ɗumama gida bai iya biya ba. A Amurka a ƙarshen shekarun 1980 an yi ta tonon asirin irin waɗannan masu wa'azi. Abin da ya sa waƙar ta kama ni shi ne ba a yi wa talakan dariya ba. An bar shi ya faɗi imaninsa da bakinsa, da gaskiyarsa, mai sauraro ne zai ji zafin. Kawu ya ce kowace al'umma da nata masu cin kasuwar, ya kawo misalai har da sunaye, waɗanda ba zan rubuta a nan ba.

A nan nake ganin darajar faifan take. Kusan kowace waƙa wani mutum ne daban ke magana, Knopfler ya aro bakinsa: mai neman Elvis, mai bin sawu, mashayi, talaka mai tikiti, attajirin My Parties da ke yabon liyafarsa. Wanda ya zo neman jarumi mai jita a tsakiyar fili ba zai same shi ba. Marubuci zai tarar yana zaune a gefe yana kallon mutane. Mutanen Nashville sun fi masu sharhin rock saurin gane haka. Shekara guda bayan fitowarsa Mary Chapin Carpenter ta rera The Bug, John Anderson ya rera When It Comes to You, duka biyun waƙoƙin faifan nan ne, suka kuma yi kasuwa a wurin masu sauraron kantiri. Waƙa ba ta karɓuwa a bakin wani sai ƙashinta na da ƙwari.

Ba wai ba shi da aibu ba. My Parties ba'arta ta ƙare tun a baiti na farko. Jeren waƙoƙin ma bai yi ba, ana tsaka da natsuwa sai a watso maka hayaniya. Kuma an ɗauki faifan ɗaki aka kai shi filin ƙwallo: rangadin ya fara a Dublin a Agustan 1991, bai ƙare ba sai Oktoban 1992 a Zaragoza ta Sifaniya, sama da wasa 200. Shi ya ƙarasa gungun. Ba su ƙara shiga situdiyo da wannan suna ba, a 1995 aka rufe shafin, a 1996 Knopfler ya fito da Golden Heart shi kaɗai. Wanda ya saurari faya-fayansa na bayan nan zai ga a On Every Street aka fara su. Ko a 2018 da aka shigar da Dire Straits zauren girmamawa na mawaƙan rock a Amurka, bai je ba.

Planet of New Orleans ta raka mu daga Dawanau har Kurna, fiye da minti bakwai, saksofon da jita suna jan juna. Kawu ya sauka, ya sa mana albarka, ya ce wa yaron ya rage yawan kiɗa ya nemi mata.

Na dawo gida na tarar an ɗauke wuta, ƙaramar ta yi zazzaɓi da rana amma ya sauka, an ba ta magani ta yi barci. Bayan isha na je ɗauko faifan a mota in ƙara jin Fade to Black, wadda surutun wayar Kawu ya cinye mini da safe, sai na tarar kwalin ne kawai. Na kira yaron, ya ce wai aro ya yi, yana son ya koyi zagayar nan ta ƙarshen waƙa ta biyu. Ya ce ya gwada da tsinken kaɗa jita sautin ya ƙi fita. Na ce ya ajiye tsinken, Knopfler da babban yatsa da 'yan uwansa biyu yake kaɗawa. Na kuma gaya masa Juma'a nake son kayana, kuma idan ya karce mini shi, shi zai yi wa babban wana bayani.