Binciken raunin laka yana farawa ne daga rajistar majinyata

Matashin likitan ƙashi ko mai gashin ƙashi da ke son zama malamin jami'a a fannin raunin laka yakan fara da tambayar inda zai samu na'ura. A Katsina, abin da ya fi dacewa ya tambaya shi ne: wa zai rubuta halin majinyaci tun ranar da aka kawo shi har shekara guda bayan sallama? Majinyatan kam akwai su: masu haɗarin mota a hanyar Kano ko Jibiya, 'yan acaba, da waɗanda suka faɗo daga bishiya. Wasu a kwantar da su a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, wasu a tura su asibitin ƙashi na Dala a Kano.

Gwajin farko shi ne tushen komai. Ma'aunin ASIA na ƙungiyar raunin laka ta Amurka, wanda ake amfani da shi a duniya, yana raba rauni daga A zuwa E. Ana taɓa wurare 28 a kowane gefen jiki, sau ɗaya da auduga, sau ɗaya da tsinin allura, sannan a auna ƙarfin tsoka 10 a kowane gefe, a ba kowace maki daga 0 zuwa 5. Inda aka fi yin kuskure shi ne tsallake gwajin dubura, saboda kunya ko gaggawa. To amma da shi kaɗai ake bambance A, inda ji da motsi suka ɗauke har can ƙasa, da B, inda sauran ji ya rage. Wanda ya tsallake shi ya haɗa mutane biyu masu makoma daban a layi ɗaya, kuma babu lissafin da zai gyara wannan daga baya. A maimaita gwajin bayan awa 72, domin a ranar farko zafin ciwo, bugun kai da suman da laka ke yi suna ɓoye gaskiyar raunin.

A rubuta lokacin haɗari, da yadda aka ɗauko mutum: a kan katako a miƙe, ko a naɗe a kujerar baya. A kuma tambaya ko an biya wurin maɗori. Wannan tambayar tana son lafazi mai taushi. In dangi suka ji alamar faɗa, za su ce daga wurin haɗarin suke, alhali sun yi mako biyu a gida.

Bibiya ce ke raba bincike na gaske da tarin takardu. Kafin sallama a karɓi lambar waya uku, ta majinyaci, ta mai jinya da ta wani ɗan'uwa da ba gida ɗaya suke ba, haɗe da sunan ƙauye da na mai unguwa. A kira a mako na shida, wata na uku, na shida da na goma sha biyu. A tambayi abin da ke kashe mutane a gida: gyambon kwanciya a ƙugu da dunduniya, cutar mafitsara, ciwon ƙirji. Ana juya shi duk bayan awa biyu? Yaushe aka canza robar fitsari? Mai binciken da ya ƙidaya waɗanda suka dawo asibiti da ƙafarsu ko a keken guragu kaɗai zai fitar da sakamako mai daɗin karantawa, amma ba gaskiya ba ne, domin waɗanda suka rasu da waɗanda kuɗin mota ya gagara ba sa cikin lissafinsa. Wannan shi ne kuskuren da ya fi ci mini rai, saboda mutanen da aka manta su ne suka fi shan wahala.

Ƙashi ma yana da nasa labarin. Bayan raunin laka, ƙasusuwan da ke ƙasa da raunin suna saurin zaizayewa a shekara ɗaya zuwa biyu na farko, musamman kusa da gwiwa, har ƙafa ta karye wajen sauke mutum daga keken guragu. Na'urar DXA mai auna ƙarfin ƙashi ba ko'ina take ba, amma rubuta kowace karaya da yadda ta faru bai buƙatar ta. Binciken da aka yi a Jos, aka wallafa a 1999, ya bi yara 123 masu lanƙwasar ƙafa tsawon mako 24 da hoton ƙashi da gwajin jini, ya nuna sinadarin kalsiyam ya fi bitamin D shi kaɗai warkar da su. Ba kan raunin laka yake ba, amma misali ne na tambaya mai kyau da bibiya mai tsari.

A nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike kafin majinyaci na farko, ba bayan an tara bayanai ba. Takardar amincewa ta kasance da Hausa, wanda hannunsa ya shanye kuma a samu shaida. A tsayar da jerin sunayen marubuta tun farko, a sa nas da mai gashin ƙashin da suka yi aikin. A guji mujallun da ke karɓar kuɗi su buga takarda cikin mako guda ba tare da tantancewa ba. Rajista ɗaya da aka riƙe shekara uku tana iya fitar da kundin kammala ƙwarewa, da takardu biyu ko uku, da hujjar neman tallafin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, muddin an adana kwafinta a wuri biyu kuma an cire sunayen majinyata an sa lambobi.